Tafiyata Zuwa Woking, Inda Aka Ƙona Mahaifiyar Abokina

Garin Woking ba ya cikin wuraren da baƙo kan sa a ransa idan ya sauka Ingila. Yana kudu maso yammacin Landan, a yankin Surrey, tafiyar kusan rabin awa a jirgin ƙasa daga tashar Waterloo, kuma akasarin masu cika jirgin ma'aikata ne da ke kwana can su wuni a birni. Ni ma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Rasuwa aka yi wa wani abokina Bature da muka yi karatu tare, mahaifiyarsa ce ta cika bayan doguwar jinya. Ina Landan kan wani aiki ya bugo mini waya. Na yi masa gaisuwa, sai ya ɗan yi shiru kafin ya ce, "Ƙona ta za a yi. Na san abin da addininka ya ce. In ba za ka iya zuwa ba, ba zan riƙe ka a rai ba."

Na ce masa ina tafe. Matar nan ta sha ba ni masauki lokacin muna ɗalibai, ba ta taɓa nuna mini gajiya ba, kuma ɗanta yana buƙatar wanda zai tsaya kusa da shi.

Gab da shiga tashar Woking, wanda ya sa ido ta taga zai hango koriyar ƙubba tsakanin itatuwa. Masallacin Shah Jahan ke nan, na farko da aka gina takanas don salla a Birtaniya, a 1889, da gudummawar sarauniyar Bhopal ta ƙasar Indiya wadda ya ci sunanta. Cikin 'yan mil kaɗan daga nan akwai gidan ƙona gawa na farko a ƙasar, akwai kuma maƙabartar da ta fi kowace girma, Brookwood. Duka ukun an kafa su ne cikin shekara 35. Dalilin ba wani mai zurfi ba ne: ƙasar wurin rairayi ce da ba ta noma, saboda haka tana da araha, ga layin dogo ya haɗa ta da Landan. Duk abin da birni ya rasa inda zai ajiye, sai ya turo shi nan.

Na tarar da su biyu a gidan marigayiyar, shi da yayarsa da ta taso daga Ostireliya. Kana shiga za ka ji an yi sa-in-sa a gidan ba da daɗewa ba. Teburin cin abinci cike da takardu: na asibiti, na rajistar mutuwa, na kamfanin shirya jana'iza, da wata doguwar takardar neman izinin ƙonawa da shi ya riga ya sa wa hannu. Da dare, bayan yayar ta hau sama, ya ba ni labarin yadda aka yi.

Yayar so take a binne mahaifiyar kusa da mahaifinsu, wanda ke kwance a wata maƙabartar ƙaramar hukuma can arewacin Ingila fiye da shekara ashirin. Da suka tuntuɓi ofishin maƙabartar sai aka ce musu kabarin na mutum ɗaya ne. A can tun ranar haƙan farko ake yanke zurfin kabari, ko na mutum ɗaya, ko biyu, ko uku, kuma lokacin da uban ya rasu ba wanda hankalinsa ya kai nan. Sai dai a nemi sabon kabari a wani sashe, nesa da nasa. Ga shi tsohuwar ta daɗe da barin yankin, ƙananan hukumomi kuwa kan ninka kuɗi sau biyu ko uku ga wanda ba mazauninsu ba. Ga kuɗin ɗaukar akwati a mota zuwa arewa. A matsakaici jana'izar binnewa a Birtaniya kan tasar wa fam 5,000, ta ƙonawa kusan fam 4,000, amma a Landan da kewayenta kuɗin kabarin kaɗai yakan ci dubbai. Akwai kuma wadda ake yi ba taro ba baƙi, kamfani ya ɗauki gawa ya dawo da toka, wadda ba ta kai fam 2,000 ba, kuma tun bayan annobar korona take ƙara samun kasuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ko ka biya, kabarin bai zama naka ba. Haƙƙin binnewa kake saya na wasu shekaru, kuma a maƙabartun hukuma doka ba ta yarda ya wuce shekara 100 ba. Wurare da yawa ba sa ba da ko kusa da haka. A Landan ma, tun 2007 doka ta ba ƙananan hukumomi damar sake amfani da kabarin da ya shekara 75 ba a taɓa shi ba: a zurfafa ramin, a mayar da abin da ya rage na tsohon mai wurin ƙasa, a sa sabo a sama.

"Kuɗin ba shi ne ya dame ni ba," in ji abokina. "Baba na can duk shekarun nan, zuwan da na yi bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ita kuma yayata tana wata duniya. Mama ta sha cewa kada mu bar ta inda ba mai zuwa." Sai dai ba ta rubuta ba. Ko da ta rubuta, a dokar Ingila burin mamaci game da gawarsa ba ya ɗaure kowa, mai zartar da wasiyya ke da ta cewa, shi ne kuwa mai zartarwar. Bai so ya yi amfani da wannan ƙarfin a kan yayarsa ba, don haka sai da aka kai ruwa rana kafin ta amince. Da safe na same ta ita kaɗai tana shirya hotunan da za a nuna. Ban tambaye ta komai ba, ita ta ce mini, "Ni dai so nake in san tana wani wuri. Wuri guda, wanda zan iya nunawa a taswira."

Na lura a duk gardamar tasu ba wanda ya ambaci Allah, ko rai, ko tashin ƙiyama. Fili, nisa, kuɗi, da wanda zai riƙa cire ciyawa: a kan waɗannan aka yanke hukunci.

Gidan ƙona gawar yana unguwar St John's, bayan gari kaɗan. Wanda bai sani ba zai ɗauka tsohuwar coci ce: jan bulo, dogayen tagogi masu tsini, itatuwa ta ko'ina. Tarihinsa kuwa cike yake da rigima. Wani likitan Sarauniya Victoria, Sir Henry Thompson, ya ga samfurin murhun ƙona gawa a baje kolin Vienna na 1873, ya dawo ya kafa ƙungiyar masu rajin ƙonawa a 1874. Hujjarsa ta lafiya ce, yana cewa maƙabartun birane sun cika har suna gurɓata ruwa da iska. Ƙungiyar ta sayi fili a nan a 1878, ta gayyato wani masani ɗan Italiya, Paolo Gorini, ya gina murhu, aka gwada shi da mushen doki a watan Maris na 1879. Mutanen unguwa suka tashi tsaye, limamin cocinsu a gaba, suka kai ƙara wurin ministan cikin gida Richard Cross, shi kuma ya taka wa abin birki. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake tsoro shi ne a kashe mutum da guba a ƙone shaida. Shekara shida murhun na zaune ba aiki.

Wanda ya ɓalle ƙofar ba ya ma cikin ƙungiyar. Wani tsohon likita ne a Wales, William Price, ɗan shekara 83, mai ɗaukar kansa limamin addinin gargajiyar kakanninsa. A Janairun 1884 jaririnsa ɗan wata biyar ya mutu, ya hau da gawar kan tudu a garin Llantrisant ya cinna wuta. Jama'a suka yi masa ca, 'yan sanda suka kama shi. A kotun Cardiff alƙali James Stephen ya ce babu dokar da ta hana ƙona gawa muddin ba a dami jama'a ba. Ranar 26 ga Maris, 1885, aka ƙone gawar wata mata mai suna Jeannette Pickersgill a Woking, ita ce ta farko. A duk shekarar mutum 3 kacal aka kawo. Majalisa ta yi wa abin doka a 1902, Cocin Katolika ta janye haramcinta a 1963, a 1968 masu ƙonawa suka zarce masu binnewa, yau kuma kusan huɗu cikin biyar na mamatan Birtaniya wuta ake kai su. Tsoron nan na ɓoye laifi bai tafi ba: har yanzu sai wani likita na daban, wanda bai duba mamacin yana raye ba, ya bi takardu ya sa hannu kafin a kunna murhu.

An ba mu lokaci, kuma lokacin ba ya jira. Da muka iso wasu mutane cikin baƙaƙen kaya na fita ta wata ƙofa, da muka gama kuma wasu na tsaye suna jiran mu fita. Na zauna a kujerar baya. Akwatin na gaba a kan dakali, furanni a kai. Ba limamin coci ba ne ya jagoranta, wata mata ce da sana'arta ke nan, ta ziyarci iyalin ta tattara labarin marigayiyar, ta zo ta karanta shi tiryan-tiryan kamar ta san ta. Aka sa waƙar da tsohuwar ke so. Abokina ya tashi zai yi magana, murya ta ƙi, yayarsa ta karɓi takardar ta ƙarasa masa. Ba a fi rabin awa ba aka gama. Yayar ce ta roƙi kada a kawar da akwatin daga gabanmu, don haka muka bi ta gefensa ɗaya bayan ɗaya. Na ga ta ɗora tafin hannunta a kan murfin, ta ɗan danna, kamar mai son ta ji ko akwai ɗumi, sannan ta fita da sauri.

Shi ke nan. Ba wanda ya ga wuta, ba wanda ya ji ƙauri. Ban san abin da na zata ba, amma abin da ya tsaya mini a rai ba tsoro ba ne. Wani irin rashin aikin yi ne. Mai binne nasa yana ɗauka, yana saukarwa, yana tura ƙasa, jikinsa ya gaji tare da zuciyarsa. A nan 'ya'yan marigayiya sun bar ta a ɗaki mai ɗumi sun fito duba katunan da ke jikin furanni. Mabiya addinin Hindu da na Sikh, waɗanda ƙonawa ibada ce a wurinsu, ba sa yarda da wannan: sukan nemi a bar wasu daga dangi su shiga ciki su ga an tura akwatin cikin murhu, kuma ana ba su dama. Na ga hikimar hakan.

A waje, ƙarƙashin rumfa, yayyafi ya tsare ni tare da jami'in kamfanin jana'izar, dattijo mai baƙar kwat da ya ce tun yana saurayi yake wannan aiki. Na yi masa tambayoyin da ba zan iya yi wa abokina ba, ya amsa ba ɓoye-ɓoye. Da akwatin ake ƙonawa, ba a buɗe shi, kuma murhu ɗaya gawa ɗaya. Akwai katin shaida da ke bin gawar daga farko har ƙarshe. Murhun na iskar gas ne, zafinsa tsakanin digiri 800 da 1,000 a ma'aunin Celsius, aikin kuma yakan ɗauki wajen awa ɗaya da rabi. Dole a cire na'urar daidaita bugun zuciya tun da farko, domin batirinta na fashewa. Hayaƙin ma sai an tace shi, saboda zaibar da ke cikin cikon haƙora. Abin da ke saura ƙasusuwa ne. A bar su su huce, a tsince ƙarafa, irin su ƙusoshin akwati da ƙarfen ƙugu ko gwiwa da likitoci suka dasa, waɗanda da izinin dangi ake sayarwa a ba ƙungiyoyin agaji kuɗin. Sannan a zuba ƙasusuwan a injin niƙa.

Wurin niƙan nan ne na ji tsigar jikina ta tashi. Hadisin da ke cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye ya faɗo mini. Musulunci bai bar ƙofar zaɓi a nan ba, binnewa ce kawai, haka ma Yahudawa masu riƙo da Kiristocin Orthodox. Ban je don in yi wa kowa wa'azi ba, ba kuma wanda ya nemi ra'ayina, amma ba zan ce abin bai dame ni ba. Dattijon ya lura. Ya ce mutane da yawa da ke sa hannu a takardar ba su san da wannan mataki ba, ba sa kuma tambaya. Sai ya ƙara wani abu da na riƙe: a ofishinsu akwai kabad cike da tokar da ba a zo an karɓa ba, wasu shekara da shekaru. Ba rashin ƙauna ba ne, in ji shi. Dangin ne suka kasa yanke inda za a kai ta.

Kafin mu tafi na zaga lambun da ke bayan ginin. Nan na fara gane cewa tsugune ba ta ƙare ba. Ko'ina sunaye ne: a jikin bango, a ƙananan alluna gindin furannin wardi, a bayan bencina. Yawancin irin waɗannan alamu haya ake biya na 'yan shekaru, in ba a sabunta ba a cire. Gidajen ƙona gawa a ƙasar kan ajiye wani babban littafi a cikin gilashi, an rubuta sunayen mamata da hannu, kullum a buɗe shafin ranar, dangi su zo ranar da nasu ya cika shekara su ga sunansa. Mutanen da suka ce ba sa bukatar kabari sun dawo suna biyan kuɗi don a rubuta suna a wani wuri.

Manyan da aka ƙone a nan ma kowa da yadda aka ƙare da shi. Friedrich Engels, abokin aikin Karl Marx, a 1895, teku aka kai tokarsa, kusa da tsaunin Beachy Head. Alan Turing, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus, a 1954, a lambun nan aka watsa tasa. Marubuci Thomas Hardy kuwa, da ya rasu a 1928, rigima aka yi: shi ya so a binne shi a ƙauyen Stinsford, manya suka ce sai Westminster Abbey, cocin Landan da ake binne mashahurai. Aka raba gardama, aka cire zuciyarsa aka binne a ƙauyen, aka ƙone sauran a Woking aka kai tokar Landan.

Washegari na bar su da baƙinsu na kama hanya ni kaɗai. Ta gefen St John's akwai hanyar ruwan Basingstoke, wadda aka haƙa a ƙarshen ƙarni na 18 don jiragen dakon kaya, yanzu sai agwagi da masu keke da masu yawo da karnuka. Na bi gaɓarta zuwa yamma, ina wuce ƙofofin katako masu tare ruwa, har Brookwood. Tashar jirgin ƙauyen na da ƙofa biyu. Ta arewa tana fitar da kai cikin gidaje da shaguna. Ta kudu, kana fita ka taka maƙabarta.

Girmanta ya wuce yadda na zata. Kusan eka 500 ce, an binne fiye da mutum 230,000, amma sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da mai rai ba. Dogayen itatuwan da aka kawo irinsu daga Amurka sun yi layi, wasu kaburburan ciyayi sun haɗiye su. An buɗe ta a 1854, bayan kwalarar 1848 zuwa 1849 ta cika maƙabartun Landan maƙil. Kamfanin da ya kafa ta yana da jirginsa na musamman daga kusa da Waterloo, mai ɗaukar gawa da masu rakiya, kuma hatta akwatunan akwai tikitin aji na ɗaya da na biyu da na uku. Jirgin na shiga har cikin maƙabartar, tasha ɗaya ta mabiya Cocin Ingila, ɗaya ta sauran jama'a. Bam ɗin Jamus ne ya tsayar da shi a 1941. Masu kamfanin sun yi lissafin duk mamatan Landan nan za a riƙa kawowa har abada, lissafin bai fita ba. Talakawa ba su so a kai nasu inda ziyara sai da kuɗin jirgi. Ƙorafin abokina ke nan, shekara ɗari da wani abu kafin a haife shi.

Ba nisa da ƙofar tashar na fara ganin rubutun Larabci. Tun 1884 Gottlieb Leitner, mutumin da ya gina masallacin Woking, ya sa aka keɓe wa Musulmi fili a nan. A Brookwood aka binne Abdullah Quilliam, Baturen Ingila da ya musulunta, a 1932, da Marmaduke Pickthall a 1936, da Abdullah Yusuf Ali a 1953, biyun ƙarshe masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci. Akwai sashen Turkawa, da na mabiya Zoroaster, da babbar maƙabartar sojoji, inda aka mayar da Musulmin Indiya da suka mutu a yaƙin duniya bayan an tono su daga wata maƙabarta a Horsell, kusa da Woking, saboda masu ɓarna. Na tsaya na yi sallama na yi addu'a. Wani sabon kabari ne ya tsayar da ni: ƙasar ba ta gama kwanciya ba, an kafa ɗan allon katako da lamba, kusa da shi wani ya bar kujerar roba mai naɗewa da jarkar ban ruwa, an ɗaure su da igiya a jikin itace don kada iska ta kwashe. Mai zuwa nan yana zuwa a kai a kai. Taku kaɗan daga nan kuma ga wani dutse ya kife, gansakuka ta rufe sunan. Dukansu binne su aka yi. Na ga gaskiyar abokina a jikin dutsen, na ga ta yayarsa a jikin kujerar.

Kafin in bar garin na raka shi karɓo tokar. A ƙaramin ofis aka sa shi ya sa hannu, aka ba shi takardar shaidar ƙonawa, sannan aka miƙo masa jakar takarda mai igiya, irin wadda ake sa kyauta a ciki, da kwali mai lamba da suna. Ya karɓa da hannu ɗaya, nauyin ya ja hannun ƙasa, ya yi sauri ya tallafe da ɗayan. Tokar babban mutum kan kai kilo 2 zuwa 3. A wurin ajiye motoci ya buɗe but, ya tsaya, ya rufe. Ya buɗe ƙofar baya, ya sake tsayawa. Daga ƙarshe ya ce, "Ɗan'uwa, za ka riƙe ta?" Haka na zauna a gaba da kwalin a kan cinyata har gida, ina riƙe da shi da hannu biyu a kowace kwana.

A gida yayar ta ce sai ta gani. Ya buɗe. Ba irin tokar da na sani ba ce, fari-fari ce mai ratsin ruwan ƙasa, gari-gari kamar yashin bakin kogi. Ta kalla na ɗan lokaci ta ce a rufe.

Daren nan gardama ta dawo sabuwa, sai dai yanzu ba mai hanzari. Dokar Ingila ba ta hana watsa toka ba in mai fili ya yarda, ana yi a koguna da teku da kan duwatsu, har masu kula da tsaunukan Scotland da Wales sun roƙi a daina zubawa a ƙololuwa domin tana canza tsirran wurin. Cocin Katolika kuma tun 2016 ta ce wa mabiyanta kada a watsa, kada a ajiye a gida, a kai wuri mai tsarki. Su ba Katolika ba ne, ba wanda zai yanke musu. Shi ya kawo bakin tekun da suke zuwa hutu suna yara. Ita ta ce in an watsa shi ke nan, ba a tsincewa. Shi ya ce to lambun St John's. Ita ta ce wa suka sani a St John's da zarar an sayar da gidan nan? Na ga amfanin ƙonawa a nan ƙarara: ta ba mutanen da suka warwatsu a duniya lokaci, ba gawar da ke jira, ba wanda zai yi sayen tikitin gaggawa. Amma lokacin nan shi ne kuma ke cika kabad ɗin dattijon kamfani. Na bar su kwalin na kan kantar littattafai a falo.

Bayan wasu watanni ya aiko mini da saƙo. Ashe kabarin da ba zai ɗauki akwati na biyu ba yana iya ɗaukar toka, rami kaɗan ake yi daga sama. Matsalar ita ce takardar haƙƙin kabarin da sunan marigayiyar take, sai da aka mayar da ita sunansa, abin da ya ci watanni ana aike-aiken takardu. Yanzu an gama. Sun ba mai sassaƙa dutse aikin ƙara sunanta ƙarƙashin na mijinta, an kuma sa rana a lokacin zafi, sa'ad da yayar za ta samu hutu ta zo da 'ya'yanta. Saura abu ɗaya: tana so a ɗebar mata kaɗan a ƙaramin gwangwani ta tafi da shi Ostireliya, har ta binciki ƙa'idar shiga jirgi da shi. Shi kuma ya ce ba za a raba masa uwa biyu ba. A kan wannan har yanzu ba su daidaita ba.